Fentin kalar fura da nono: abinda na gani bayan shekara ɗaya da wata uku

Ranar da aka gama fentin bangon falon nan Hajiya surukata ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa da carbi a hannu, ta kalli bango ta kalle ni tace "To yaushe masu fentin zasu dawo su ƙarasa?" Nace Hajiya ai an gama. Tace an gama me, wannan ai filasta ce. Abban yara yana gefe yana danne dariya don dama tun farko ba da son ransa aka yi ba, shi a wajensa fenti kala biyu ne a duniya, fari da ruwan madara, duk abinda ya wuce haka fi'ili ne. Yanzu shekara ɗaya da wata uku kenan da wannan maganar, bangon ya sha hazo sau biyu, ya sha zafin Afrilu, ya sha damina, ya sha hannun yara uku da hayaƙin turaren wuta kullum safe da yamma, don haka ina ganin yanzu kam ina da bakin magana a kansa.

Kalar sunanta gireij, Turawa ne suka haɗa sunan toka-toka da na ruwan ƙasa mai haske a yarensu suka fitar da kalma ɗaya. Da na faɗa wa mai fentinmu sunan cewa yayi "Hajiya ai gareji fentin mai ake masa", sai da na nuna masa hoto a waya sannan yace au, kalar ash kike nufi. Ba ash bace. Kuma ba ruwan madara bace. Hanya mafi sauƙi da na samu ta kwatanta wa mutane ita ce fura da nono, wadda aka dama da kyau nonon ya ɗan fi yawa, kun san yadda gero yake ba ta wannan duhun mai toka-toka amma kuma akwai ɗumi a ciki, toh ita kenan. Tun daga lokacin a gidanmu kalar fura ake ce mata har yara.

Abinda ya kaini gareta ƙura ce ba gayu ba, duk da dai gayun ma yana ciki bazan yi ƙarya ba. Da can farin fenti ne a falon, kuma duk wanda yake zaune a Kano ya san abinda fari yake zama daga Disamba zuwa Fabrairu, saman makunnin wuta, gefen taga, bayan labule, ko ina sai ya yi wannan jan layin na ƙura, ki goge ya zama dabbare-dabbare ki bari ya zama kamar gidan da ba kowa. Na so in koma ash zalla lokacin da ake yayinsa amma na shiga gidaje biyu uku da suka yi sai naji falon ya min sanyi kamar ɗakin jira a asibiti, ga shi jar ƙurarmu tana fitowa ɓaro-ɓaro a kan toka mai shuɗi-shuɗi. Ƙanwata ce ta dinga turo min hotuna daga Pinterest har ta cika min waya, kusan duk ɗakin da ya burge ni in na duba sai inga sunaye biyu suna ta maimaituwa, Agreeable Gray na kamfanin Sherwin-Williams mai lamba SW 7029, da Revere Pewter na Benjamin Moore mai lamba HC-172. Dukkansu kamfanonin Amurka ne, mu kuma a nan ba nasu muke shafawa ba, don haka sai dai a haɗa miki mai kama da su.

Nan ne kuskurena na farko ya so ya faru. Na ɗauki waya na tafi wani shago da suke haɗa kala da na'ura, na miƙa wa yaron shagon nace wannan nake so. Allah ya saka masa da alheri bai karɓi kuɗina ya sallame ni ba, wayarsa ya ɗauko yace in tura masa hoton, ya ajiye wayoyin biyu gefe da gefe, wallahi kala biyu ne daban, a tawa ya fi ja a tasa ya fi kore, yace "Anti wanne daga ciki zan haɗa miki?" Sai nayi shiru. Ya ɗauko min littafin kalolinsu mai buɗewa kamar mafici yace in fita da shi waje bakin ƙofa in duba a hasken rana kar in duba a ƙarƙashin fitilar shago. Shafin masu kama da fura kaɗai ya fi ashirin, a ido ɗaya duk kamar abu guda amma in kika jera su sai kiga wannan yana jan hoda, wannan yana jan kore, wancan yana jan ɗorawa.

Aikin na'urar kansa abin kallo ne. Farin fenti ake ɗaukowa a matsayin tushe, a danna lambar kalar a kwamfuta, na'urar ta ɗiga baƙi kaɗan, ruwan ɗorawa mai duhu kaɗan, ɗan ja mai kamar tsatsa, a rufe a sa a injin da yake girgizawa na 'yan mintuna, sannan su manna takarda a jikin murfin da lambar haɗin. Wannan takardar ku riƙe ta kamar takardar fili, zan dawo kanta. Abinda bai min daɗi ba a shagon shine basa haɗa ƙasa da lita 1, ni kuma kala uku nake son gwadawa, kenan na sayi lita 3 don kawai in shafa ɗan wuri, ga shi ranar an ɗauke wuta sai da na zauna kusan awa guda ana jiran a tada janareto. Lokacin naji haushin kuɗin sosai, Abban yara ma cewa yayi kuɗin gwajin kaɗai ya isa a fente banɗaki. Daga baya na gane a duk kuɗin da na kashe a aikin nan babu wanda ya biya kuɗin sabulu kamarsu.

Don da na dawo gida na sa aka shafa kowacce a bango, faɗin kamar sallaya, shafi biyu, ɗaya kusa da taga ɗaya a lungun da haske baya kaiwa, na bar su kwana uku ina kallo safe da rana da dare. Wadda tafi burge ni a shago, wadda da ba don yaron nan ba ita zan sayi bokiti biyu, da ta bushe kusa da tayil ɗinmu mai ruwan madara sai ta koma ruwan hoda, hoda sosai fa kamar ɗakin jaririya. Ta biyu da rana lafiya lau, da daddare aka kunna farin kwai sai ta zama kore-kore kamar miyar kuka da aka tsinka da ruwa. Ta ukun da na ɗauka don cike lissafi kawai ita ce ta zauna daram. Kuma fentin ruwa yana canjawa in ya bushe, abinda kika gani jiƙe a rola ba shi zaki gani gobe ba, don haka wanda ya yanke hukunci a ranar shafawa ya yi gaggawa.

Dalilin kuwa shine ita wannan kalar bata da tsayayyen ra'ayi, tana tsakiya ne, duk abinda ke kusa da ita sai ya ja ta. Fari fari ne duk inda kika kai shi, ja ma haka, amma fura in kika ajiye ta kusa da abu mai ɗorawa sai ta nuna tokarta har da ɗan shunayya, in kika ajiye ta kusa da abu mai shuɗi sai ta nuna ƙasarta. Tayil, labule, kujera, har bishiyar darbejiya da ke bakin taga tana watso kore a bango da hantsi. Akwai kuma wata lamba da kamfanoni ke rubutawa a bayan katin kala, LRV, ma'aunin yawan hasken da fenti ke mayarwa ne daga 0 baƙi ƙirin zuwa 100 fari fat. Agreeable Gray 60 ne, Revere Pewter wajen 55, wanda na ɗauka yana kusa da na farkon. In ɗakinki ƙaramar taga gare shi, ga raga ga ƙarfen tsaro ga labule mai kauri ninki biyu kamar yawancin gidajenmu, kar ki sauka ƙasa da 60, hotunan da muke gani a intanet ɗakuna ne masu taga daga sama har ƙasa ba labule.

Wani abu ma da na lura, duk bayanan da na karanta sai suce ki duba ko ɗakinki arewa yake kallo ko kudu, wai mai kallon arewa haskensa sanyi ne baya samun rana. Wannan lissafin ƙasashensu ne. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana ta arewa da mu take bi, sauran watannin ta koma ta kudu, don haka tagar da bata ganin rana a Janairu tana iya ganinta a Yuni. Mu abinda ya fi damunmu gabas da yamma ne. Falona yamma yake kallo, daga la'asar zuwa magariba bangon sai ya koma kamar an zuba masa zuma, wannan lokacin ne nafi sonsa, da safe kuma toka-toka ne mai sanyi. Ranar da hazo ya sauko sosai kuwa har rana ta zama kamar farin faranti, bangon da sararin waje kala ɗaya suke komawa, ranar kam in ban kunna fitila ba falon yana min kamar an yi mutuwa, wannan gaskiya ce sai na faɗa.

Maganar kwan fitila ita ce rabin aikin kuma ba wanda yake faɗa miki. Yawancin kwayayen da muke saya a kasuwa fararen nan ne masu ɗaukar ido, in kin duba kwalin zaki ga an rubuta 6500K, haskensu shuɗi-shuɗi ne, shi yake kashe ɗumin kalar ya bar miki siminti, kuma da irinsu ne a falon ranar da Hajiya ta shigo don haka ban ga laifinta ba. Na gwada masu 3000K, su kuma suka mayar da bangon ruwan ƙasa sosai har tokar ta ɓace, yara kuma suka ce basa ganin karatu. Masu 4000K su suka daidaita, sai dai sai an nema, shago uku aka shiga kafin a samu. Fitilar caji da muke kunnawa in an ɗauke wuta ita kam ba yadda zanyi da ita, duk daren da ba wuta falona filasta ne.

Sai aikin shafawar. Bangonmu tsoho ne don haka sai da aka kankare inda ya ɓanɓare, aka yi sikiridin, wato shafen da ake yi don bango ya daidaita, aka goge da samfefa, ta ƙasa wajen bangon da ke jingine da banɗaki akwai danshi mai fitar da farin gishiri-gishiri, mai fentin yace a shafe kawai zai rufe, naƙi, aka kira mai famfo ya gano fayif ne yake tsiyaya aka gyara aka bar shi ya bushe. Fenti baya maganin danshi ko na nawa ne. Wanda kuma ginin sa sabo ne ya bar filasta ta yi kamar sati huɗu kafin a shafa. Mu a ƙarshen Oktoba muka yi, ruwa ya ɗauke hazo bai sauko ba, ina ganin babu lokacin da ya fi wannan, don in kika bari sai hunturu ƙura zata manne a jiƙaƙƙen fenti ki ji bangon yana ƙaiƙayi a hannu.

Bokiti biyu na lita 20 na saya na falo da korido da ɗakina. A nan ne aka yi min abinda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na fita kai yara Islamiyya na biya ta gidan Yaya, kafin in dawo fenti ya kusa ƙarewa saura bangon da tibi yake, maimakon mai fentin ya kira ni sai ya ɗauko ragowar farin silin ya zuba a ciki, ya ɗiga baƙi da ɗan ja daga 'yan kwalaben da yake yawo dasu a jaka, ya juya da sanda ya shafa. Da na dawo yace "Hajiya ido ba mudu ba amma ya san ƙima, shekara ashirin ina wannan aikin." A jiƙe kam kamar ɗaya. Washegari rabin bangon fura rabin kunun kanwa. Da wata kalar ce mai ƙarfi wataƙila a sha, amma wannan ɗigo ɗaya yake juya ta. Takardar nan ta jikin murfi ita ta cece ni, na ɗauki hotonta na koma shagon suka haɗa min galan na lita 4 aka sake bangon daga kusurwa zuwa kusurwa, don in kika yi faci a tsakiya sai ya nuna ko da haɗin ɗaya ne. Duk da haka akwai wani ɗan wuri a bayan tibi da ya tsallake yace ai ba mai gani, yana nan har yanzu. Da zan sake, zan sayi abinda ya isa har da rara tun farko, in sa a juye bokitan a babban mazubi ɗaya a gauraya, kuma in ja kujera in zauna a wurin, don ruwan da suke tsinka fenti dashi ma in ba kya nan ya wuce abinda aka rubuta a jikin bokiti.

To bayan duk wannan, ya biya? A falo ya biya har da riba. Ƙura ita ce babbar nasarar, ba wai bata sauka bane, tana sauka kamar kullum amma kalarta da ta bangon 'yan uwan juna ne, sai kin shafa yatsa zaki san tana nan. Hunturun bara sau biyu kacal na sa aka bi bangon da busasshen tsumma a kan mofa, da can kuwa duk sati ne kuma ba ya fita. Hannun yara ma haka, wajen makunnin wuta da gefen ƙofa inda suke dafawa suna cire takalmi, a falo mai ɗan santsi na sa wato satin, soso da ruwan sabulu kaɗan yake fitar da shi, har da manja sau ɗaya da miyar kuɓewa ba adadi. Biro ne kawai ya gagara, autana ya zana min abinda yace mota ce, na goge har fentin ya fara sheƙi a wurin motar tana nan. A ɗakina mara sheƙi na sa, ya fi kyau a ido nesa ba kusa ba kuma yana ɓoye rashin daidaiton bango, amma baya son guga, in kika matsa sai wurin yayi haske. Satin shi kuma duk wani tudu da kwari na filasta sai ya tona shi in hasken taga ya bi ta gefe, don haka in sikiridin ɗinki ba mai kyau bane ki haƙura dashi.

Turaren wuta bai bar bangon ba, kar wadda ta ce miki kalar tana hana tabonsa. Lungun da nake ajiye kasko sama dashi ya yi duhu kaɗan, sai dai a fari da wata uku ake ganin wannan tabon, a nan sai da aka kusa shekara kuma sai na nuna wa mutum. Yanzu dai na matsar da kaskon tsakiyar ɗaki.

Kayan ɗaki kuwa nan ne na sha mamaki. Kujeruna irin na sarautar nan ne masu ruwan gwal a baki, na auren ne ban canja ba, nayi zaton zasu yi faɗa da bangon sai gashi gwal ɗin ya kwanta ya daina ihu. Labulen da yake wurin ruwan madara ne mai ɗorawa, shi kam bai zauna ba ko kaɗan, bangon ya sa shi ya zama kamar wanda ya daɗe ba a wanke ba, dole na shiga kasuwar Kwari na yanko wani mai kalar kofi da farin shara-shara a ciki. Farin silin na POP da farin katakon ƙasan bango su suke fito da kalar, in babu fari kusa da ita ba a gane fenti ne, wannan ma ina ganin yana cikin abinda ya ruɗa Hajiya don ranar ba a ƙarasa farin ba. Kafet ja mai duhu ya zauna, tukwanen fulawa kore sun zauna, faranten kaba guda biyar da na rataya a bango ɗaya sun zauna fiye da komai har baƙi suna tambaya a ina na saya, alhali faifan Umma ne na rufe ƙwarya. Da aka yi sunan ƙanwata a gidan, duk hotunan da aka ɗauka a jikin bangon atamfa da leshi sun fito raɗau, fuska ma bata yi duhu ba kamar yadda take yi in an tsaya jikin farin bango kyamarar waya ta rikice.

Inda bai yi ba shine korido. Babu taga ko ɗaya, kwai ɗaya ne a tsakiya, kalar da take fura a falo a nan toka ce ta murhu, in kika taho daga ɗakin yara da rana kamar kin shiga rami. Na canja kwai, na rataya madubi, duk a banza. Kicin dama ban kai shi ba don tayil ne har sama. In maki zan bayar, falo 9 cikin 10, ɗakin kwana 8, korido 3 shima don yana ɓoye dattin hannu ne.

Kuɗi kuma, haɗin na'ura ya fi fentin da ake ɗauka a kan kanta tsada sosai, in kika haɗa da na gwaji da kwayaye da labulen da ya sa ni canjawa ba ƙaramin abu bane, wanda yake gidan haya da ba shi da tabbacin shekara biyu ni bazan ce ya yi ba. Araha dai bata ado, amma ba kowane bango ne yake buƙatar adon ba.

Hajiya har yau filasta take ce masa, in zata aiki yaro sai tace jeka falon filasta ka ɗauko min carbina. Koridon kuma kafin azumi za a sake shi, ruwan madara, Abban yara ya riga ya sayo bokitin da kansa ya ajiye a bakin ƙofa inda duk wucewa sai na gani.